Guntun Ƙarfen da Auta ta Ɓoye

Gidan su Auta yana bakin kogi. Babanta mai fito ne. Da kwale-kwale yake ƙetarar da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan. Da filafili yake tuƙi, kuma da shi yake ciyar da gidansa tun kafin a haifi Auta.

Amma kafaɗar Baba ta gaji. Kullum da safe sai Mama ta gasa masa ita da ruwan zafi kafin ya iya ɗaga hannu. Ga kuma wasu samari sun kawo jirage masu inji. Kafin Baba ya kai tsakiyar ruwa, su sun je sun dawo. Fasinja kuwa ba ruwansa da tsohuwar sanayya. Wanda zai kai shi da wuri shi yake bi.

Wata rana Auta tana wanke-wanke, ta ji Baba yana magana da Mama a ɗaki.

“Idan abin ya ci gaba haka, tafiya zan yi,” in ji Baba. “An ce ana ɗaukar masu gadi a wani kamfani can nesa. Sai dai in riƙa leƙo ku shekara-shekara.”

Kwanon da ke hannun Auta ya suɓuce.

“Ba inda za ka,” in ji Mama. “A sayar da keken ɗinkina. Kai ma ka sayi inji.”

“Kuɗin kekenki ba zai sayi sabo ba.”

“To a sayi tsoho. Mu ɗin sababbi ne?”

Haka aka yi. Aka sayar da keken. Baba ya tafi wurin wani tsohon makanike a bayan kasuwa, Auta na biye da shi.

Injin yana kwance a ƙarƙashin wani yagaggen buhu. Tsatsa ta ci jikinsa. Zanzaro ya yi gini a kowane rami. Baba ya ja igiyar tayarwa, ta ƙi motsi ko kaɗan.

“Dattijo, wannan ai gawa ce,” in ji Baba.

“Barci yake yi,” in ji makaniken. “Da hannuna ba ya rawa, da ni zan tashe shi. Amma kai ma za ka iya, idan kana da haƙuri.”

“Ni da ban taɓa riƙe sufana ba?”

“Saurara. Ka shimfiɗa takardar buhun siminti. Duk abin da ka kwance, ka ajiye shi a jere, ɗaya bayan ɗaya. Idan za ka mayar, ka fara daga na ƙarshe. Takardar ce za ta tuna maka. Sannan ka ga wannan ɗan ramin? Idan inji ya tashi, ruwa zai riƙa tsartuwa ta nan. Mu fitsarin inji muke ce masa.”

Auta ta rufe baki tana dariya.

“Yi dariyarki, jikata,” in ji tsohon. “Amma injin da ba ya fitsari ƙonewa yake yi.”

A baro suka turo injin gida. Baba ya kai shi rumfar da yake ajiye raga da igiyoyi. Ya shimfiɗa takardu a ƙasa. Kullum ya dawo daga kogi, sai ya zauna yana kwancewa. Ya jiƙa wannan da kananzir. Ya goge wancan da tsumma. Idan abu ya shige masa duhu, ya koma wurin tsohon ya tambaya.

A hankali takardun suka cika da notuna da zobba da ƙananan ƙarafa, kowanne a wurinsa.

“Uwata,” Baba ya ce wa Auta, don haka yake kiranta, “rumfar nan ba ta shiga ba ce. Ko ƙofar kada ki buɗe. Kin ji?”

“Na ji, Baba.”

Ta ji ɗin. Amma Auta yarinya ce mai son ganin ƙwaƙwaf. Ko tukunya aka rufe, sai ta san abin da ke ciki.

Ran nan ta dawo daga makaranta. Baba yana kogi, Mama ta shiga maƙwabta. Auta ta ce a ranta, “Leƙawa kawai zan yi.” Ta buɗe ƙofar rumfa.

Ashe ƙaton toron agwagwarsu yana bayanta. Ya bi ta tsakanin ƙafafunta ya shige. Auta ta ɗauki tsintsiya ta kai masa duka. Toron ya buɗe fukafukai ya hau kan takardun. Notuna suka watse. Zobba suka gangara ƙarƙashin raga. Kafin ta kore shi, aikin Baba duk ya hargitse.

Auta ta tsaya tana kallon ɓarnar. Ta rasa ta inda za ta fara.

Can ta lura da wani abu. Kowane ƙarfe ya bar shatin baƙin mai a kan takarda, daidai siffarsa. Ta durƙusa ta shiga tsinta. Mai zagaye ta ɗora shi a kan shati mai zagaye. Dogo ta ɗora shi a kan dogo. Wayo kam Auta tana da shi. Ba a jima ba komai ya koma wurinsa.

Sai guda ɗaya.

Wani guntun ƙarfe ne, bai fi yankan farce ba. Gefe ɗaya a miƙe, ɗayan a lanƙwashe. Ta duba takardun kaf, babu shatinsa. Ba ta san cewa a cikin wata roba mai fukafukai yake zaune ba, shi ya sa bai taɓa takarda ba.

Ta ji sallamar Mama a ƙofar gida. Da sauri ta jefa guntun ƙarfen a gwangwanin da take ajiye fensir da rula. Ta ja ƙofar rumfa ta rufe.

“Ɗan mitsitsin abu ne,” ta ce a ranta. “Me zai yi a cikin wannan ƙaton inji?”

Baba bai gane komai ba. Ya yarda da takardunsa. Ya fara daga na ƙarshe, yana mayar da kowane abu a wurinsa. Auta takan zauna a bakin ƙofa tana kallo. Sau da yawa ta buɗe baki za ta faɗa, sai tsoro ya rufe mata shi.

Ranar gwaji ta zo. Baba ya cika duro da ruwa, ya tsoma ƙafar injin a ciki. Ya ja igiya, shiru. Ya sake ja, injin ya yi tari. Ya ja da ƙarfi yana cije leɓe saboda kafaɗa. Sai ƙara ta cika gidan, hayaƙi ya tashi.

“Ya tashi!” Mama ta ce, tana tafa hannu. “Wallahi ya tashi!”

Baba ya duba ɗan ramin. Ruwa yana ɗiga, amma kaɗan-kaɗan.

“Tsohon inji ne,” in ji Baba. “Idan ya shiga kogi zai sake jiki.”

Washegari da safe ya ɗaura injin a bayan kwale-kwale. Ruwan sama ya yi yawa a kwanakin, kogi ya cika yana gudu. Baba ya ce shi kaɗai zai fara gwadawa. Mama da Auta suka tsaya a gaɓa. Kwale-kwalen ya yanki ruwa. Baba yana ɗago musu hannu yana dariya. Rabon da Auta ta ga wannan dariyar har ta manta.

Yana kaiwa tsakiya, ƙarar injin ta canja. Wani farin hayaƙi ya turnuƙe. Suka ga Baba ya juya ya kai hannu kan injin, ya fizge hannun da sauri. Injin ya yi shiru.

Ruwa ya ja kwale-kwalen. Baba ya ɗauki filafili da hannu ɗaya, amma ruwan ya fi ƙarfinsa. Suna kallo ya sha kwana, bishiyoyi suka rufe shi.

“Innalillahi!” in ji Mama. Ta bi gaɓa da gudu tana kiran mutane.

Auta ta zauna a kan yashi tana kuka. Rana ta take, ba labari. Rana ta karkata, ba labari.

Sai da yamma wasu masunta suka jawo kwale-kwalen da igiya. Baba yana zaune a ciki, jikinsa duk laka. Tafin hannunsa na dama ya ƙone ya tashi. Kafaɗarsa ta kumbura.

Da gari ya waye, ya tafi bayan kasuwa, hannu a naɗe. Auta ta bi shi daga nesa. Ba ta taɓa jin Baba ya ɗaga murya haka ba.

“Ka cuce ni, dattijo! Ka sayar min da mataccen ƙarfe, ka ce barci yake yi! Keken matata na sayar! Da furfurarka kake yaudarar mutane?”

Jama'a suka taru. Tsohon ya miƙe.

“Tun da nake ba a taɓa ce min macuci ba,” in ji shi. “Jeka. Kada ka ƙara tako min wuri, kai da injinka.”

Auta ta juya ta koma gida. Tana ta ce wa kanta, “Ba guntun ƙarfen nan ba ne. Ba shi ba ne.” Amma zuciyarta ta ƙi yarda.

Gidan ya yi tsit. Kwale-kwale yana ɗaure, don Baba ba ya iya tuƙi. Abinci ya ragu a tukunya. Mama takan ce ta ƙoshi, ta tura wa Auta nata. Auta kuwa sai ta yi ta juya abincin ba ta ci ba.

Sannan Baba ya sauko da jakar tafiya daga saman sif.

“Gobe masu sayen ƙarfe a kilo za su zo,” ya ce wa Mama. “Su fasa injin su auna. Abin da suka bayar shi ne kuɗin motata.”

Mama ta ɗauki rigunansa tana ninkewa, hawaye na sauka a kansu.

Washegari a makaranta, Auta ba ta jin komai. Malama ta ce kowa ya fito da rula. Auta ta buɗe gwangwaninta, ya suɓuce mata, komai ya zube. Guntun ƙarfen ya gangara har gaban Malama.

Malama ta ɗauka ta juya shi. “Na waye wannan?”

Sai Auta ta fashe da kuka. Malama ta ba 'yan aji aiki, ta ja ta waje ƙarƙashin bishiya.

“Share hawayenki. Gaya min.”

Auta ta faɗi komai. Ta faɗi ƙofar da ta buɗe, da agwagwa, da shatin mai, da hayaƙin da ya tashi a tsakiyar kogi, da yadda za a fasa injin Baba ya yi tafiya.

“Malama, shi ne ya ƙona injin?”

“Ban sani ba,” in ji Malama. “Ni ba makanike ba ce. Amma ba ke za ki yanke cewa ba shi da amfani ba. Mai injin ne ya kamata ya sani.”

“Zai yi fushi da ni.”

“Zai yi. Kuma yana da gaskiya. To wanne ya fi miki sauƙi, ya yi fushi yana gida, ko ya tafi bai sani ba?”

Auta ta sunkuyar da kai.

“Yaushe za a fasa injin?” Malama ta tambaya.

“Yau.”

“Yau? Tashi! Ni zan gaya wa shugaban makaranta. Ki ruga, kada ki tsaya ko'ina.”

Auta ta ruga. Takalminta ɗaya ya cire, ba ta waiwaye shi ba. Tana shiga gida ta ga maza biyu a tsakar gida. Sun rataye sikeli a reshen bishiya. Injin yana kwance a ƙasa. Ɗayansu ya ɗaga babbar guduma.

“Kada a fasa!” Auta ta ƙwalla ihu. “Baba, don Allah kada a fasa!”

Mutumin ya sauke gudumar. Auta ta durƙusa a gaban Baba, ta buɗe tafin hannunta.

“Na shiga rumfa, Baba. Agwagwa ta watsar da kayan. Na mayar da su, wannan ya rage. Na ɓoye shi. Tun kafin ka haɗa injin yake wurina.”

Baba ya ɗauki guntun ƙarfen da hannun hagu. Ya daɗe yana kallonsa. Auta ta so a ce ya yi mata tsawa, ko ma ya dake ta.

“Ku yi haƙuri,” ya ce wa mutanen. “Yau ba ciniki.”

Suka kwance sikelinsu suna gunaguni, suka fita.

“Kina kallona na haɗa shi,” in ji Baba a hankali. “Kina kallona na shiga ruwa.”

“Tsoro na ji, Baba.”

“Kina kallona na zagi dattijo a gaban jama'a. Mutumin da bai yi min komai ba sai alheri.”

Auta ta rufe fuska. Kuka kawai take yi.

“Ɗauko baro,” in ji Baba. “Hannuna ba ya turi. Ke za ki tura.”

Injin yana da nauyi. Mama ta kama mata suka ɗora. Auta ta tura shi har bayan kasuwa, tana tsayawa tana haki. Tafin hannunta ya yi ja.

Tsohon yana ganinsu ya kawar da kai. “Na ce kada ka dawo.”

“Haƙuri na zo ba ka, dattijo,” in ji Baba. Ya ɗaga murya yadda maƙwabtan rumfar za su ji. “A nan na ce maka macuci. A nan nake janye maganata. Ni na yi kuskure. Ka yafe min.”

Auta ta durƙusa. “Baba Makanike, laifina ne. Ni na ɓoye wannan.”

Tsohon ya karɓa. Ya kawo shi kusa da ido, ya girgiza kai.

“Kin san mene ne wannan? Akwai roba mai fukafukai da ke tura ruwa cikin inji don ya huce. Wannan ɗan abin ne ke riƙe ta da sandar da ke juyawa. Idan babu shi, sandar ta yi ta juyi ita kaɗai, robar na zaune. Inji ya rasa ruwa, ya ɗau zafi.”

“Ya mutu ke nan?” Auta ta tambaya.

Tsohon ya kama igiyar tayarwa ya ja a hankali. Ta biyo shi. Ya sake ja, yana kasa kunne.

“Allah ya taimake ku. Ka kashe shi da wuri, mai fito. Cikinsa bai kame ba. Akwai abubuwan da suka ƙone, amma ina da irinsu a jikin wani tsohon inji.” Ya dubi hannun Baba da ke naɗe, ya dubi nasa mai rawa. “To wa zai yi aikin? Kai hannu ɗaya, ni hannuna rawa yake kamar ana kiɗa.”

Duk suka juya suka kalli Auta.

Daga ranar, idan an tashi daga makaranta, bayan kasuwa take nufa. Ƙawayenta suna wasa, ita tana wanke ƙarafa da kananzir. Baƙin mai ya shiga ƙarƙashin faratanta ya ƙi fita. Tsohon yana faɗa, Baba yana riƙewa da hagu, Auta tana ɗaurawa.

Wata rana wani ɗan zobe ya faɗa mata cikin ƙasa. Ba wanda ya gani. Nan take ta ce, “Baba Makanike, na yar da zobe.” Suka tsaya suka neme shi tare. Ba wanda ya yi mata faɗa.

Da aka zo kan robar mai fukafukai, tsohon ya miƙa mata guntun ƙarfen. Ta zura shi a gurbinsa da yatsunta. Ya zauna daram.

Aka cika duro da ruwa. Baba ya ja igiya. Injin ya tashi. Kowa ya zuba wa ɗan ramin ido. Ruwa ya tsartu da ƙarfi, ya jiƙa wa tsohon wando.

“Kai! Wannan fitsari haka!” in ji shi yana ja da baya. Maƙwabtan rumfa suka kwashe da dariya.

Da hannun Baba ya warke, ya mayar da injin kan kwale-kwale. Ya ƙetare kogi ya dawo lafiya. Ya sake ƙetarewa da mata 'yan kasuwa da kayansu. Kafaɗarsa ko ciwo ba ta yi ba.

Da yamma ya shigo gida, ya nuna jakar tafiya da ke jingine a bayan ƙofa.

“Uwata, kwance jakar nan. Mayar da rigunana cikin sif.”

“Ba za ka tafi ba, Baba?”

“Ina zan je? Ga aikina, ga gidana.”

Auta ta rungume shi tana dariya, hawaye na zuba. Baba ya dafa kanta.

“Saurara,” in ji shi. “Da ranar nan kin gaya min, da faɗa kawai zan yi miki, in je in tambayi dattijo, a wuce wurin. Shirun da kika yi ne ya kusa raba ni da ku. Kowa yana kuskure, ni ma na yi nawa. Amma idan kin yi, ki faɗa da wuri, komai ƙanƙantarsa.”

“Na ji, Baba,” in ji Auta. A wannan karon da gaske ta ji.

Ta buɗe jakar, ta fara fito da rigunan ɗaya bayan ɗaya.